DAGA ZAURE ZUWA FALO: TARIHIN CIYAR DA ABOKAI A ƘASAR ZOBE

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Alhaji ya gayyato abokan sa gida cin abincin dare. Ga dogon teburi, ga kuloli an jera kamar a kanti, ga kwalayen lemo, ga cokula masu yatsu. Hajiya ta fito cikin leshi ta zuba wa kowa soyayyar shinkafa. Sai a yi loma ɗaya, ko ma a juya cokali kawai, darakta ya yanke, a tafi waƙa. A littattafan soyayya ma haka abin ya ke, sai dai su marubuta sun fi 'yan fim haƙuri, don wata marubuciyar ta kan cinye shafi uku ta na lissafa abin da amarya ta girka wa abokan ango.

Tambayar ita ce: yaushe Bahaushe ya fara irin wannan cin abinci? Kafin teburi ya shigo, ina ya ke ciyar da abokan sa? Don amsa wannan, bari mu ɗauki yanki guda mu duba, wato ƙasar Dutsin-ma da Kurfi da ke tsakiyar Jihar Katsina, inda madatsar ruwa ta Zobe ta ke. Yanki ne da ya haɗa ƙauye da gari, manomi da ma'aikaci, don haka duk sauyin da ya sami kwanon tuwon Bahaushe za a iya ganin sa a nan.

CIYAYYA

A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, namiji baligi wanda ba muharrami ba iyakar sa zaure. Har yau akwai gidajen da za ka ga an rubuta "Ba a shiga" a bakin ƙofa. To tunda aboki ba zai shiga ba, sai abincin ya fito ya same shi. Daga nan ciyayya ta samo asali.

Yadda ake yin ta sananne ne ga duk wanda ya tashi a garuruwan nan. Bayan sallar magariba ko isha'i, magidantan unguwa su kan hallara a zauren babban su, ko a dakalin ƙofar gida, ko gindin masallaci. Yara su yi ta fitowa da akussa da kwanuka daga gidaje. Wannan na dawa ne da miyar kuka, wancan na gero da kuɓewa busassa, wani kuma dambu. Ba kowa ke jan na gidan sa ya ci ba. A kan buɗe kwano ɗaya a taru a kai, in an gama a jawo na gaba. Abin da ya rage na almajirai ne da yara.

Hikimar da ke cikin wannan tsari ta wuce cika ciki. Na farko, rufin asiri. Magidancin da yau ba a ɗora tukunya a gidan sa ba zai fito ya zauna, ya ci ya ƙoshi, babu mai tambayar sa ina kwanon sa. Amma manya sun gani, kuma sau da yawa kafin gari ya waye an aika wa iyalin sa da tiyar hatsi ta hannun mata. Na biyu, baƙo. Matafiyin da dare ya yi masa, ko mai talla, ko malamin da ya zo ci-rani, in ya yi sallama ya zama ɗan wuri. Babu katin gayyata, saboda haka kalmar "gayyar soɗi" ba ta da wurin zama a ciyayya. Na uku, nan ne majalisar unguwa. A nan ake sasanta rikicin iyakar gona, a sa ranar gayya, a ji wanda zai aurar da 'ya.

Addini ya ƙarfafa wannan ɗabi'a. Hadisi ya haɗa girmama baƙo da imani, ya kuma sa haƙƙin baƙunci kwana uku. Annabi (SAW) ya umarci Abdurrahman bin Auf da ya yi walimar aure ko da da akuya guda ce, sannan an zargi walimar da za a kira mawadata a bar matalauta. Bahaushe ya dunƙule wannan duka a magana ɗaya: baƙon ka annabin ka.

ABINCI DA SARAUTA

Kada mai karatu ya ɗauka duk ciyarwa a da sadaka ce tsantsa. Ciyarwa mulki ce. A ƙasar da Yandakan Katsina ke riƙe da Dutsin-ma, Maraɗin Katsina kuma ke riƙe da Kurfi, kowa ya san ana auna girman basarake da yawan kwanukan da ke fita daga gidan sa. Hakimin da ƙofar gidan sa ta bushe, maganar sa ma bushewa ta ke yi. Tuwon girma, in ji Hausawa, miyar sa nama.

Akwai misali a rubuce. A farkon 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Bello. An aika masa da rago da zuma a matsayin saukar baƙo. Amma bayan wannan karramawa sai da ya yi kwanaki ana ja-in-ja da shi a kan irin gaisuwar da zai bayar kafin a bar shi ya wuce Kano. Kun ga ke nan abincin fada ya na da ma'ana biyu: maraba ce, kuma sanarwa ce cewa ka shigo hannu. Abin lura kuma, aika masa aka yi har masauki. Babban mutum a wancan zamani ba ya zama ya ci abinci a gaban baƙo. Ci a bainar jama'a ragin daraja ne ga basarake.

ƁANGAREN MATA

Duk wannan labari na zaure labarin maza ne. Wadda ta surfa, ta daka, ta tankaɗe, ta tuƙa, ta na can ciki, ba ta ga wanda ya ci ba. Sakamakon ta shi ne kwano ya dawo wayam, ko yaro ya kawo saƙon cewa an yaba miya. Amma fa kada a raina wannan saƙo. A gidan da ake da kishiyoyi, ciyayya ce kotun da ke yanke hukunci a kan ranar girkin kowace.

Su ma mata su na da na su tsarin. Littafin "Baba of Karo" da Mary Smith ta fitar a 1954, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar wata dattijuwa Bahaushiya da ta ba da labarin ta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, cike ya ke da bayanin ƙawance da biki da aike-aiken abinci tsakanin gidaje. Ƙawa ta kawo maki gudunmawa ranar sunan ki, ke kuma ki ninka mata ranar na ta. Wuni, suna, kamu, buɗar kai, duk tarukan ci ne da mata ke shiryawa su gayyaci junan su a cikin gida. In ana neman wanda ya fara "gayyatar abokai gida cin abinci" a ƙasar Hausa, to mata ne, tun kafin maza su san falo.

Wata baturiyar, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa, wadda ba ta da nisa da Kurfi, a 1967, ta kuma fitar da littafin ta "Rural Hausa" a 1972. Ta nuna yadda matan kulle ke gudanar da kasuwa sukutum daga cikin ɗakunan su, su na sayar da hatsi da dafaffen abinci ta hannun yara. Wannan ya na da alaƙa da zancen mu, don shi ya sa magidanci ba ya jin tsoron baƙon rana. In baƙo ya faɗo ba shiri, sai a tura yaro gidan mai fura ko mai ɗanwake, kafin a gama gaisawa an kawo.

Lokaci guda da al'ada ta yarda abokai su kusanci cikin gida shi ne na angwanci. Abokan ango su ne ke rakiya su sayi baki, kuma a kwanakin farko su na da rabo a garar da iyayen amarya su ka kawo: alkaki, nakiya, dubulan. Ran da amarya ta fara girki ma ba a manta da su. Marubutan mu daga nan su ka ɗauko fitowar nan ta abokan ango, su ka ɗora ta a kan teburi.

YADDA TEBURI YA SHIGO

Teburin cin abinci ya biyo Turawa ne, amma bai shiga gidan talaka kai-tsaye ba. Sarakuna ne su ka fara ganin sa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya ratsa ta Ingila a tafiyar sa ta aikin Hajji a 1921, kuma a wannan shekarar ce Kwalejin Katsina ta fara ɗaukar ɗalibai. Daga wannan makaranta aka sami su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, wato sahun farko na 'yan bokon da aiki ya riƙa kai su liyafar Razdan da ta Gwamna. Duk da haka, da yawan su a can su ke barin wuƙa da cokali mai yatsu. Gidan Sardauna a Kaduna ya yi suna wajen tara jama'a a ci abinci tare, wato dai ciyayya ce aka kai ta gidan Firimiya.

Abin da ya kawo sauyi na gaske shi ne gini. Gidajen ma'aikata da gwamnati ta riƙa ginawa, waɗanda ake kira kwatas, ba su da zaure. Ƙofa ɗaya ce, ka na buɗewa sai falo. Ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki zuwa garin da ba shi da kowa, ba shi da dakalin da zai fitar da kwano. In ya na son cin abinci da abokin aikin sa, dole ya shigo da shi ciki, dole kuma a sa rana da lokaci. Gayyata ta samu ke nan.

A yankin Zobe wannan ya zo daki-daki. Dutsin-ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a gyaran 1976. An kammala madatsar Zobe a kan kogin Karaɗuwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aikin da ya jawo injiniyoyi da leburori daga wurare daban-daban. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ma'aikata 'yan asalin yankin da yawa su ka dawo daga Kaduna da ɗabi'un zaman birni. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sannan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda ta kawo malamai da ɗalibai daga kowane sashe na Nijeriya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara yawan gidajen haya da gidajen da ba su da zaure.

Abin da ke cikin kwanon ma ya sauya. A da shinkafa abincin sallah ce da biki. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne su ka buɗe ƙofar shigo da ita daga waje, har ta kai gwamnatin Shagari ta kafa kwamiti na musamman kan shinkafa a ƙarƙashin Umaru Dikko. Dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa, a wasu gidajen ma ya kore ta. Akushi da ƙwarya su ka ba kwanon samira da langa wuri, su kuma daga baya kula ta ture su. Kular nan ba ƙaramin tasiri ta yi ba. Tuwon akushi dole a ci shi da zafin sa, don haka dole a hallara lokaci guda. Kula kuwa ta na ajiye wa mutum abincin sa har sha ɗayan dare, ya dawo ya ci shi kaɗai. Ita kuma madatsar Zobe ta ƙara wa yankin kifi da kayan lambu na rani, har farfesun kifi ya shiga jerin abin da ake tarar baƙo da shi.

INA 'YAN FIM SU KA SAMO NA SU?

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a Kano a 1990, teburin cin abinci bai zama ruwan dare ba ko a birni. Haka ya ke a farkon adabin kasuwar Kano, zamanin da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino su ka fara tashe. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da finafinan soyayya da waƙa su ka mamaye kasuwa, sai teburi ya zama kamar dole a duk fim ɗin da ke son nuna gidan masu hali.

Dalilai biyu na ke gani. Na farko Indiya. Finafinai irin su "Hum Aapke Hain Koun" na 1994 da "Hum Saath-Saath Hain" na 1999 cike su ke da taron dangi a kan abinci, maza da mata wuri guda, ana raha. Masu shirya finafinan mu sun tashi da kallon Indiya, su ka ɗauko hoton. Sai dai a can cin abincin wani ɓangare ne na labarin, a nan ake gane wa ke son wa, wa ke fushi da wa. Mu kuwa mun ɗauko teburin mun baro dalilin sa.

Na biyu sauƙin aiki. Furodusa ya ari gidan wani attajiri na wuni ɗaya. Falo ya na da wutar lantarki, babu hayaniyar yara da babura, kyamara ɗaya ta isa. Ɗaukar ciyayya kuwa sai an nemi dattawa goma, a yi da dare a waje, a haska fitila, a kori 'yan kallo. Kasafin kuɗin fim ɗin bidiyo bai ɗaukar wannan. Da haka aka bar tuwo da tabarma ga finafinan barkwanci. A finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, za ka ga ana cin abinci ci na gaske, hannu baka hannu ƙwarya, amma kusan kullum don a yi dariyar haɗama ne ko ƙauyanci. Saƙon da yaro mai kallo ya ɗauka shi ne: mai ci a ƙasa da hannu abin dariya ne, mai ci a teburi shi ne wayayye.

A nan marubuta mata sun fi 'yan fim gaskiya. Littattafan su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da waɗanda su ka biyo bayan ta sun ɗauki girki da muhimmanci, sun mai da shi makamin mace a gidan miji, har 'yan mata da dama sun koyi tarar baƙi daga shafukan su. Sun fito da mai girkin daga bayan labule, sun ba ta suna da murya, abin da zaure bai taɓa yi ba. Inda su ka gaza shi ne sun cika auna ƙwarewar mace da yawan kalolin abincin 'yan birni, kamar wadda ta iya tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa ba ta iya komai ba.

Daga baya an ɗan samu gyara. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo "Daɗin Kowa" mai nuna rayuwar unguwa, ta kuma sa wa shirin ta na girke-girke suna "Akushi Da Rufi". Ko ba komai an tuna da akushi.

ABIN DA YA RAGE

Yau a Dutsin-ma da Kurfi za ka sami tsarin biyu su na tafiya tare. Malamin jami'a zai kira abokan sa ta waya, ya ce ranar Asabar bayan isha'i, matar sa ta yi shinkafa da kaza da zoɓo, wani lokaci ma matan abokan su zo su zauna a ɗaki na daban. A cikin tsohon gari da ƙauyuka kuma har yanzu akwai zaurukan da kwano ke fita. Da azumi kowa ya kan koma tsohon tsari, a shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, kunu da ƙosai su fito daga gidaje. Da sallah yara su yi ta kai tuwo gida-gida.

Amma abubuwa biyu sun yi wa ciyayya illar da teburi bai yi mata ba. Na farko tsaro. Dutsin-ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga daga wajen dajin Rugu su ka addaba. A watan Satumba na 2021 duk su biyun su na cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar da aka katse wa layukan waya, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Ciyayya abar dare ce, a fili ake yin ta, kuma ginshiƙin ta shi ne yarda da baƙo. A garin da baƙuwar fuska ta zama abin tsoro, ake zargin ko ɗan leƙen asiri ne, wa zai ce "bismilla" ga wanda bai sani ba? Ƙauyawan da su ka yi gudun hijira zuwa cikin gari kuwa sun baro zaurukan su a can.

Na biyu tsada. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ciyayya ta na iya rufa wa mutum ɗaya ko biyu asiri in sauran takwas sun fito da kwano. In takwas ɗin ne ba su da shi, sai kowa ya ja ƙofar sa, don kunya.

To a nan ne na ke ganin 'yan fim da marubuta su na da bashi a kan su. Ba laifi ba ne mutum ya gayyaci abokai falon sa, zumunci a ƙafa ya ke, kuma duk inda aka haɗu aka ci alheri ne. Amma liyafar falo ta waɗanda aka zaɓa ce, sa'o'in ka a aiki da samu. Maƙwabcin da ba shi da shi ba ya cikin lissafi. Ciyayya kuwa ta na haɗa mai shi da marar shi a kwano ɗaya. Darakta mai neman labari, ga labari nan a zube: mutumin da kwanon sa ya daina fitowa kwana uku, da dattijon da ya lura bai ce komai ba, da matar da ta san sirrin ta na can ciki. Babu buƙatar aron gidan Alhaji, babu buƙatar kwalin lemo. Dattawan da su ka san ƙa'idojin wannan zama, wa ke fara sa hannu, wa ke raba nama, me ake cewa in an gama, su na nan da ran su a Dutsin-ma da Kurfi da ƙauyukan bakin Zobe. Mai kyamara ko mai alƙalami ya je ya same su tun su na nan. Allah ya zaunar da ƙasar mu lafiya, ya kawo mana sauƙin rayuwa, amin.